Bugun kai da fargabar taɓuwar ƙwaƙwalwa: yaushe ne ya zama abin tsoro?

Da wuya a yi mako guda a gida mai yara ba a ji kai ya gwaru da wani abu ba. Yaro ya faɗo daga gado, ko ya yi karo da ɗan'uwansa a tsakar gida. Manya ma ba su tsira ba: ɗan kasuwa ya miƙe a rumfarsa a Dutsin-Ma azara ta tare shi, ma'aikaci ya sunkuya ɗauko fayil ya ɗago ya haɗu da bakin durowa, fasinja a motar haya daga Kurfi zuwa Katsina an faɗa rami kansa ya daki rufi. Zafin yakan lafa cikin mintoci. Abin da ba ya lafawa da wuri shi ne tambayar da ke biyo baya: anya ƙwaƙwalwa ba ta taɓu ba? Akwai uwar da za ta kwana tana leƙa fuskar ɗanta, akwai magidancin da zai yi wata guda yana ɗora kowace mantuwa tasa a kan karon da ya yi da ƙofa.

Ga mazaunin Dutsin-Ma ko Kurfi amsar tambayar nan tana da tsada. Hoton ƙwaƙwalwa sai an je babban asibiti, kuɗinsa ba kaɗan ba ne, kuma halin tsaro da yankin ya shiga a shekarun nan ya sa hawa hanya da dare ba abin da ake yi da wasa ba ne. Wanda ya firgita a banza zai yi asarar jarinsa. Wanda kuma ya raina alamar da bai kamata a raina ba yana iya asarar rai. Abin da likitoci suka tabbatar shi ne ƙaramin bugu, wanda mutum bai suma ba, bai ruɗe ba, kuma ya ci gaba da harkarsa, ba ya lalata ƙwaƙwalwa. Ƙarfin bugun da alamomin da suka biyo bayansa su ne ma'auni. Girman kumburi da yawan jinin da ya zuba ba su ne ba.

Yadda ƙwaƙwalwa take a ɓoye

Ƙwaƙwalwar baligi tana da nauyin kilo 1.3 zuwa 1.4, kuma taushinta ya kai a lotsa ta da yatsa. Saboda haka aka yi mata kariya hawa-hawa. Daga waje akwai gashi da fatar kai mai kauri, sai ƙoƙon kai wanda kaurinsa a baligi yakan kai milimita 6 zuwa 7, kuma zagayayye ne, abin da ke sa ƙarfin bugu ya bazu maimakon ya taru wuri guda. A ƙarƙashin ƙashin akwai tantani uku, sannan ruwa garai-garai kimanin mililita 150, ƙasa da rabin kwalbar lemo, wanda ƙwaƙwalwa da laka suke shawagi a cikinsa.

Misali mafi kusa shi ne gwaiduwa a cikin ƙwai. Idan aka ƙwanƙwasa ɓawon da farce gwaiduwar ba ta san ana yi ba. Sai an girgiza ƙwan da ƙarfi take dagulewa. Haka ƙwaƙwalwa take. Abin da ke cutar da ita shi ne kai ya fizga da gudu ya tsaya farat ɗaya, ko ya murɗe da ƙarfi, kamar yadda ke faruwa idan an faɗi a kan babur, ko an faɗo daga bishiya ko saman gini, ko an sha gora. Miƙewa tsaye a daki azara bai kusanci wannan ƙarfin ba.

Shi kuwa ƙululun da ke fitowa a goshi jini ne da ruwa suka taru tsakanin fata da ƙashi, a waje da ƙoƙon kai. Fatar kai cike take da ƙananan jijiyoyin jini, shi ya sa ɗan tsagewa kaɗan ke jiƙa riga, mutane su ɗauka abu ya ɓaci. A danne wurin da tsumma mai tsabta na minti 10. Idan bai tsaya ba, ko bakin ciwon ya buɗe, a je a ɗinke, a kuma tambayi allurar rigakafin ciwon sarƙewar haƙora. Ga ƙululu kuma, ƙanƙara a naɗe cikin ƙyalle ko tsumma mai sanyi na minti 15 ya isa. Murzawa da ƙarfi da dannawa da bayan cokali ƙara zafi kawai suke yi. Sakiya da ƙaho kuwa ba su da gurbi a nan: jinin da ke ƙarƙashin fata jiki zai shanye shi da kansa cikin kwanaki, wanda ke cikin ƙoƙon kai kuma babu ƙahon da zai zuƙo shi ta cikin ƙashi.

Girgizar ƙwaƙwalwa

Matakin da ya ɗara ƙululu shi ne girgizar ƙwaƙwalwa. A nan bugun ya kai ƙarfin da aikin ƙwaƙwalwa ya rikice na ɗan lokaci: mutum ya ga wuta-wuta, ya ji jiri, ya kasa tuna yadda abin ya faru, ya riƙa maimaita tambaya ɗaya, haske da hayaniya su dame shi. Ba dole ne a suma ba. Mafi yawan masu girgizar ba sa suma. Akasarin manya sukan warware cikin mako 2, yara cikin mako 4.

A da ana kwantar da mutum a ɗaki mai duhu har sai ya ji garau. An bar wannan. Shawarar da ƙwararru suka tsayar a taronsu na Amstadam a 2022 ita ce a huta kwana 1 zuwa 2, a rage kallon waya da talabijin, sannan a fara komawa aiki sannu a hankali, a ɗan taka da ƙafa, a ja baya idan ciwon kai ya tsananta. Abin da aka hana shi ne tuƙi, hawa tsani, ko komawa filin ƙwallo kafin a warke, domin bugu na biyu a kan ƙwaƙwalwar da ba ta gama farfaɗowa ba ya fi na farko haɗari. Maganin ciwon kan shi ne farasitamol. A guji asfirin da dangoginsa irin su ibuprofen da diclofenac a ranar farko saboda suna iya ƙara zubar jini, a kuma nesanci tiramol da duk abin da ke sa maye ko barci, don suna rufe alamomin da ake son a gani.

Alamomin da ba a jira da su

Abin da likita ke tsoro na gaskiya shi ne jini ya tsinke a cikin ƙoƙon kai. Ƙashi ba ya buɗewa, don haka jinin da ya taru sai ya danne ƙwaƙwalwa. Wuri mafi rauni shi ne gefen kai, tsakanin ido da kunne, inda ƙashin ya fi siranta kuma wata jijiyar jini ta ratsa ta ƙarƙashinsa. Makircin wannan rauni shi ne mutum yana iya miƙewa ya yi magana daidai na wasu sa'o'i kafin ya fara dusashewa. Haka ya faru da jarumar fina-finan Ingila Natasha Richardson a watan Maris na 2009: ta faɗi a wurin wasan zamiya kan ƙanƙara a Kanada, ta tashi tana magana, ta ce ba ta buƙatar likita, bayan kwana 2 ta rasu. Labarinta ya zagaya duniya ne saboda irinsa ba ya yawan faruwa, kuma ko a nata lamarin ciwon kai mai tsanani ya bayyana tun cikin sa'o'in farko.

Saboda haka sa ido na awa 24 zuwa 48 shi ne aikin iyali. A tafi asibiti nan take idan wanda ya bugu ya suma ko da na ɗan lokaci ne, ko ya yi amai fiye da sau ɗaya, ko ciwon kan yana ƙaruwa maimakon raguwa. Haka nan idan barci yana rinjayarsa har ana wahalar tayar da shi, ko ya fara sambatu, ko maganarsa ta harɗe, ko hannu ko ƙafa ta yi sanyi, ko ya yi jijjiga. Sauran su ne baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya buɗewa, jini ko ruwa garai-garai ya fito ta kunne, ruwa ya riƙa ɗiga ta hanci, kewayen idanu biyu ko bayan kunne ya yi baƙi, ko a taɓa a ji ƙashi ya lotsa. Wanda ya faɗi a abin hawa yana kukan wuya, kada a ciccibe shi yadda aka ga dama. A daidaita kansa da gangar jikinsa, a ɗauke shi a kan abu mai faɗi.

Maganar cewa kada a bar wanda ya bugu ya yi barci ba ta da tushe. Barci ba ya jawo doguwar suma. Idan mutum yana cikin hayyacinsa, ya yi magana daidai, ya yi tafiya daidai, a bar shi ya kwanta, sai dai wani ya duba shi sau ɗaya ko biyu cikin dare ya tabbatar numfashinsa daidai ne kuma yana amsawa idan an taɓa shi. Ga mutanen ƙauyukan da ke nesa da babban asibitin Dutsin-Ma ko na Kurfi, hikima ita ce a yanke shawara tun da sauran rana: idan akwai kokwanto da la'asar, gara a kusanci asibiti kafin magariba.

Akwai mutanen da dokar "ƙaramin bugu ba komai" ba ta hau kansu ba. Na farko tsofaffi, musamman daga shekara 65. Da tsufa ƙwaƙwalwa takan ɗan tsuke, jijiyoyin da suka haɗa ta da tantani su miƙe, sai ƙaramar faɗuwa a banɗaki ta tsinka ɗaya, jini ya riƙa tsattsafowa a hankali. Bayan mako 3 ko 6, lokacin da kowa ya manta da faɗuwar, sai dattijo ya fara ruɗewa, yana jan ƙafa, yana yawan barci. Sau da yawa a ce tsufa ne, ko shanyewar ɓarin jiki, ko a ce sammu, alhali tiyata ce mai sauƙi a wurin masu ita, a huda ƙashi a tsiyaye jinin, kuma da yawa sukan dawo hayyacinsu. Na biyu masu shan maganin tsinka jini irin su warfarin da clopidogrel. Mai shan ƙaramin asfirin kullum ma ya faɗa wa likita. Na uku mashaya giya. Waɗannan su ga likita ko da bugun bai kai ya kawo ba.

Wata tambaya da ya kamata a riƙa yi ita ce: faɗuwa ce ta kawo suma, ko suma ce ta kawo faɗuwa? Hawan jini, ciwon suga, farfaɗiya da ƙarancin jini duk suna kayar da mutum. Kuma yaron da ya bugu shekaranjiya yau ya tashi da zazzaɓi da ciwon kai, a fara yi masa gwajin cizon sauro. Idan wuya ya sanƙare a lokacin zafi, a tuna da sanƙarau. Ɗora komai a kan bugun yakan sa a makara wajen maganin ciwon da ke gaban ido.

Yara, maɗiga da ranƙwashi

Bincike mafi girma a kan yara shi ne wanda mujallar Lancet ta buga a 2009, inda aka bi yara 42,412 da aka kai sassan gaggawa 25 a Arewacin Amurka bayan bugun kai, dukkansu a farke. Waɗanda aka samu da rauni mai muhimmanci 376 ne, ƙasa da 1 cikin 100. Waɗanda suka kai ga tiyata 60. A lura, yaran da iyayensu suka damu har suka kai su asibiti ke nan, ba dubban da suka yi kuka suka koma wasa ba. Binciken ya ɗauki faɗowa daga sama da santimita 90 ga ɗan ƙasa da shekara 2, da sama da mita 1.5 ga wanda ya fi haka, a matsayin mai ƙarfi. Gadajen gidajenmu galibi ba su kai haka ba.

Yaron da ya tsala kuka nan take, aka rarrashe shi ya yi shiru, ya kama nono, ya koma ƙiriniyarsa, alamarsa mai kyau ce. Wanda ya yi laƙwas, ya ƙi nono, ko yake kukan da ba a saba ji ba, ko kumburinsa yake a gefen kai ko ƙeya maimakon goshi, a kai shi. Jariri ɗan ƙasa da wata 3 kuwa kowane irin bugu ne a nuna wa ma'aikacin lafiya. Maɗiga, wadda iyaye mata ke tsoron taɓawa, tana da tantani mai ƙarfi, kuma takan rufe tsakanin shekara 1 da 2. Wanka da shafa mai ba sa cutar da ita. Idan ta kumbura ta yi tauri yaro yana zaune shiru, wannan alamar haɗari ce. Idan ta faɗa, yawanci ruwan jiki ne ya ƙare saboda gudawa ko amai.

Sai ranƙwashi, wanda ake cewa yana mayar da yaro daƙiƙi. Ranƙwashi ɗaya ba ya isa ƙwaƙwalwa. Amma wannan ba lasisi ba ne ga malami ko uba: mari a kunne yana fasa dodon kunne, dukan kai da sanda yana fasa ƙashi, kuma yaron da ke zaune cikin tsoro ba ya fahimtar karatu, ko da ƙwaƙwalwarsa lafiya lau take. Abin da ya fi duka muni, kuma aka fi jahilta, shi ne girgiza jariri da ƙarfi don ya yi shiru. Kansa babba ne, wuyansa ba ƙwari. Daƙiƙu kaɗan na iya jawo makanta ko mutuwa ba tare da ko ƙwarzane a waje ba.

Batun hoto

Da yawa sukan matsa a yi musu hoto don hankali ya kwanta. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna ƙwaƙwalwa. Wanda ke nuna jini a cikin kai shi ne siti-sikan, na'urar da injiniyan Ingila Godfrey Hounsfield ya ƙera, aka fara gwada ta a kan majiyyaci a Landan a 1971. Ita ma ba ta nuna girgizar ƙwaƙwalwa, kuma tana amfani da haske mai ratsa jiki wanda ba a son yara su sha shi ba dalili. Likita yana yanke hukunci ne da labarin abin da ya faru da kuma gwaji, ciki har da ma'aunin Gilasgo da Graham Teasdale da Bryan Jennett suka fitar a 1974, wanda ke duba buɗe ido, magana da motsi, ya ba da maki daga 3 zuwa 15. Idan likita ya duba ya ce a koma gida a sa ido, ba rowar aiki ya yi ba. Idan kuma ya rubuta takardar tura majiyyaci Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko na Malam Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kada a tsaya shawara da dangi har gobe.

Daga ina tsoron ya ƙaru?

Wani ɓangare na fargabar zamanin nan daga labaran 'yan wasa ya fito, kuma ɗan Nijeriya ne ya buɗe babin. A 2002 Dakta Bennet Omalu, wanda ya yi karatun likita a Jami'ar Nijeriya ta Nsukka, ya binciki ƙwaƙwalwar Mike Webster, tsohon ɗan ƙwallon Amurka da ya rasu yana da shekara 50, ya gano lalacewar da ya danganta da karon kai na shekara da shekaru. Ya buga sakamakon a 2005. Tun 1928 ma likita Harrison Martland ya bayyana irin wannan a 'yan damben Turawa. A 2019 wani bincike a kan tsofaffin 'yan ƙwallon ƙafa 7,676 a Sukotland ya nuna cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa sun kashe kashi 1.7 cikin 100 nasu, a kan kashi 0.5 na sauran jama'a.

Duk waɗannan mutane ne da suka sha dubban bugu a matsayin sana'a. Darasin na ɗan dambe ne da aka kashe a fage yau kuma ya sake ɗaure hannu gobe, da matashin da ya yi karo a filin ƙwallo ya tashi yana tangaɗi aka ce ya daure. Bai shafi mai shagon da ke gwara kai da kanta sau biyu a shekara ba. Babu wata hujja da ta nuna ƙananan bugu na rayuwar yau da kullum suna taruwa su zama ciwon mantuwa ko taɓin hankali.

Idan tsoron ne ya zama ciwon

Akwai waɗanda bugun ya wuce amma waswasi ya zauna. Mutum ya riƙa shafa wurin, yana gwada kansa da lissafi, yana bincike a intanet har tsakar dare, yana tambayar mai kemis da duk wani ɗan'uwa ma'aikacin jinya. Kowace amsa takan kwantar da hankali na yini guda, sai shakka ta dawo. Abin da ke rikita lamarin shi ne fargaba da kanta tana haifar da alamomin da ake tsoro: tana ɗaure naman wuya ta kawo ciwon kai, tana sa numfashi sama-sama ya kawo jiri, tana hana barci, rashin barci kuma ya kawo mantuwa. A 1992 masu bincike a Amurka sun nemi mutanen da ba su taɓa samun raunin kai ba su ƙiyasta abin da za su ji bayan haɗarin mota. Abin da suka lissafa ya yi kama sosai da koken masu raunin na gaskiya. Wato abin da mutum ke tsammani yana da hannu a abin da yake ji. Ciwon kan nasa na gaske ne, ba ƙarya yake yi ba, sai dai tushensa ba a ƙwaƙwalwar da ta lalace yake ba.

Wanda ya ga kansa a nan ya je likita ya duba shi sau ɗaya, dubawa ta sosai, sannan ya daina gwaje-gwajen kansa da neman tabbaci, ya koma kasuwa ko ofis. Idan bayan wata guda tsoron yana hana shi aiki, ko ya kai ga ƙin shiga mota da cunkoso don kada a taɓa masa kai, to damuwa ce da ke da magani ta hanyar zama da likitan halayya, kuma zuwa wurinsa ba ya nufin hauka.

Inda haɗarin yake

A ganina mun bar jaki muna dukan taiki. Mutumin da ya kwana bai runtsa ba saboda ɗansa ya faɗo daga kujera, shi ne da safe zai jera yara 3 a kan babur zuwa makaranta babu mai hular kwano. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, zirga-zirgar ɗalibai da ma'aikata a kan acaɓa ta ƙaru a garin, kuma a Kurfi da ƙauyukanta babur ne motar kowa. Faɗuwa a kan kwalta ko da gudu kaɗan ne ta ninka karon azara sau da yawa.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sanya hular kwano ranar 1 ga Janairun 2009, kuma masu shekaru za su tuna yadda wasu 'yan acaɓa a Kano suka riƙa kifa ƙwarya a ka don kauce wa kamu, fasinjoji kuma suna ƙin hular saboda tsoron cutar fata ko asiri. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi amfani da su sun nuna hular tana rage haɗarin mutuwa da kimanin kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kashi 69. Sai dai hular magina ba ta wannan aikin ba ce, wadda ba a ɗaure igiyarta a haɓa ba takan fice kafin kai ya isa ƙasa, kuma wadda ta taɓa shan bugu mai ƙarfi sai a canza ta ko da ba a ga tsaga a jikinta ba, domin soson cikinta ya riga ya mutu.